Makero a Hannun Mai Nono

Ku da kuke shigowa kemis ɗina kuna leƙen kanta, kuna cewa ai Hajiya Kulu ta huta, daga miƙa kwali sai zaman fanka, kallon kitse kuke yi wa rogo. Miƙa kwali ko jikata ta iya. Aikin yana wajen sanin kwalin da ba za ka miƙa ba, alhali mai saye yana tsaye a kanka yana rantsuwa shi yake so. Tunda kun ce ku ma kemis za ku buɗe, to ku gyara zama in ba ku labarin Dije mai nono, wadda ciwon fata ya kusa raba ta da abincinta.

Dije Bafulatana ce, tana sayar da fura da nono a tashar Tsafe, ƙarƙashin wani bedi da ke kallon ƙofar shagona, titi ne kawai tsakaninmu. Hannunta yana da kyau a damu. Direban da ya taso daga Funtua zai danne yunwarsa har ya iso gindin bedin nan, wai furar wani wuri ba ta zama masa. Kafin la'asar ta kife ƙwarya ta kama hanya.

Shekarar da nake ba ku labari ita ce shekarar da daji ya ƙi zaunuwa. Kun san ta, ba sai na tona ba. Mutanen su Dije sun baro rugarsu da abin da ya rage masu, shanu 'yan ƙalilan da ba su kai a kira su garke ba, suka kafa bukkoki a bayan gari. Mijinta ya koma kiwon shanun mutane. Ita da shi da 'ya'ya biyu da tsohuwar uwarsa, duk cikin ƙwaryar nan suke ci. Ni ma shekarar ba ta bar ni ba. Mutanen ƙauye sun daina shigowa kasuwa, magani yana zaune a kanta har wa'adinsa ya wuce, in tattara da hannuna in fitar da shi ina ji ina gani.

Cikin damina sai na lura Dije tana komawa gida da ƙwarya a cike. Yau haka, gobe haka. Ga kuma hannunta na hagu ta naɗe shi da mayafi har wuyan hannu, da shi take riƙe ƙwarya, da dama take damu. Na tambayi mai shayin da ke gefena, shi da ba ya rasa labari. Ya rage murya ya ce ai kuturta ce ta kama ta, wani direba ya ga hannun da idonsa. Na ce direban nan a wane asibiti ya yi karatu? Ya ce shi dai haka ya ji. Magana kuwa zarar bunu ce, kafin mako ya zagayo duk tashar ta ɗauka.

Ranar wata kasuwa sai ga ta ta tsallako titi, surukarta Inna Hansai tana gaba tana dogara sanda. Tsohuwar ce ta yi magana, Dije tana bayanta kai a sunkuye. Ta ce ƙwaya suke so, irin wadda ake sha ta wanke jini ta kori ciwon fata, an ce masu ina da ita. Na ce ina da ita, amma ba na sayar da maganin ciwon da ban gani ba, su shigo ciki.

Bari in gaya maku kayan aikina, don ku kuna zaton kwalaye ne. Akwai tocila, akwai safar hannu, akwai auduga, akwai sikelin awon nauyi da yara ke tsalle a kai in ban gani ba. Amma babbansu duka shi ne labulen can da kuke gani da bencin da ke bayansa. Ciwon fata ciwon kunya ne. Mutum zai tsaya a kanta ya ce maka ɗan ƙaiƙayi ne a hannu, sai ka sa shi bayan labule ka tarar abin ya cinye cinya da mara.

Wannan a wurin Sista Mairo na koya, Allah ya jiƙanta. Daga Karakkai aka kai ni Gusau wurinta ina budurwa, ita kuma tsohuwar nas ce da ta bar aiki ta buɗe kemis. Shekarar farko ko maganin ciwon kai ba ta bari na miƙa wa kowa ba. Shara, goge kanta, karanta wa'adin magani, sai kallo. In na yi ƙorafi ta ce ido ake fara koya wa aiki kafin hannu. Ina tuna wani ɗan kabu-kabu da ya shigo mana wuyansa ya saluɓe kamar an watsa masa tafasasshen ruwa. Ɗan makero ne ya fito masa bai fi bakin kwalba ba, abokansa suka ce ya kankare da reza ya zuba man birki. Sista ta dube shi ta ce, to yanzu birkin ya kama? Sai da muka yi jinyar ƙunar ta warke, sannan muka dawo kan makeron, yana nan daram bai je ko'ina ba. Garin neman gira ya kusa rasa ido.

To, na zaunar da Dije a benci, na sa safa, na ce ta warware. Wallahi sai da na ji tausayinta. Daga wuyan hannu har kafaɗa, ya hau gefen wuya, duk faci-faci ne masu faɗi. Makero na gaskiya kun san shi, zobe yake yi, bakin ya yi ja ya ɗan tasa, tsakiya ta yi fari-fari tana ɓarɓashi. Nata kuwa zoben ya dishe, fatar ta yi haske ta yi sirara, shi ya sa mai kallo daga nesa zai ce wani abu ne daban. Na ce ta rufe ido. Na murza auduga na rinƙa taɓa tsakiyar facin, ina cewa ta nuna mani inda ta ji. Ko sau ɗaya ba ta kuskure ba. Na ce yana ƙaiƙayi? Ta ce kamar ta cire fatar, musamman in ta yi zufa. Nan hankalina ya ɗan kwanta, don facin kuturta yawanci ba ya ƙaiƙayi, kuma wurin mutuwa yake yi, ko an taɓa ba a ji.

Na ce, “Mi kika shafa?”

Ta ce ba komai. Duk haka suke cewa. Na kafe ta da ido, sai tsohuwar ta fara lissafi: toka, tafarnuwa, ruwan wani ganye, har lalle an ƙunsa don a rufe. Can Dije ta kwance bakin zanenta ta fito da wani matsattsen bututun mai, an matse shi har ya nannaɗe. Ina gani na gane shi. Man nan ne mai haɗi uku da masu mota da lasifika ke tallarsa ranar kasuwa, wai maganin kyasbi da makero da ƙuraje da duk abin da Allah ya halitta a fata.

Ku riƙe wannan ko kun manta sauran. A cikin man nan akwai wani sinadari mai ƙarfi da ke kwantar da ƙaiƙayi da ja cikin kwana biyu. Mutum ya ga haka ya ce ya samu magani. Alhali ciwon bai mutu ba, bakinsa kawai aka toshe, yana ta cin gaba a ƙasa yana faɗaɗa. Ka daina shafawa ya taso ya fi da, ka koma ka sayo wani. Dije ta ce wannan shi ne na nawa ma, ta manta. Haushi ya kama ni, ba nata ba, na mai lasifikar nan da ke cika mana kunne yana rantsuwa da Allah.

Inna Hansai ta ce to ai shi ya sa suka zo neman ƙwaya, a ba su su tafi. Kuma maganar Allah, ciwon da ya yi faɗi haka, ƙwaya ake haɗa masa da ita. Makeron kai ma, irin wanda ke cinye gashin yara, ko ka shafa mai buhu guda ba ya jin kira sai ƙwaya, don a gindin gashi yake zaune. Amma ƙwayar nan ba alewa ba ce. Likita ke rubuta ta, a auna nauyin mutum, a sha makonni ba fashi, a bi ta da abinci mai maiƙo. Mai ciwon hanta ba a ba shi kai tsaye. Mace mai ciki kuwa ba a ba ta sam, don tana iya taɓa abin da ke cikin.

Nan fa ake yin ta. Tambaya ɗaya ce ta rage, kuma ba a yin ta gaban suruka. Bafulatana ta gwammace ta haɗiye garwashi da ta buɗe baki ta ce tana da ciki uwar mijinta tana zaune. In na tambaya a nan, a'a za ta ce mani, ko da cikin ya kai wata tara. Sai na ɗauko goro na ba tsohuwar, na ce Inna taimaka ki zauna mani a ƙofa, akuyoyin tashar nan ba su da kunya, har kwalin magani suke ci. Ta karɓi goro ta fita tana cewa ai ta san halin akuyar birni.

Na matso kusa da Dije na ce, “Ƙanwata, tsakanina da ke. Yaushe rabonki da fashin salla?”

Ta daɗe tana zane a ƙasa da babban yatsan ƙafa. Sannan ta ce, “Tun ruwan shuka.”

Na ce wa ya sani? Ta girgiza kai. Ko mijin ba ta gaya masa ba. Na ce to ki ji da kyau, duk wanda ya ba ki ƙwaya don ciwon nan, ko ni ce, kada ki haɗiye. Ta ɗago ta dube ni, idon ya cika, ta ce to yaya za ta yi da tasha, yara ba su san ciwo ba, abinci suka sani. Na ce za a warke da man shafawa, sai dai zai ɗauki lokaci. Na ga maganar ba ta yi mata daɗi ba, ni ma ba ta yi mani ba.

Da muka fito na ce wa tsohuwar ƙwayar ba ta dace da jikin Dije ba, kuma gobe asibiti za mu. Ta yi ta faɗa. Wai sun zo da ƙafarsu an hana su magani, in haka ne za ta jira mai mota ranar kasuwa, shi ba ya tambayar mutum tarihin kakanninsa. Na kuwa san zai sayar mata ko buhu ta ce. Ga shi ba ni da ikon faɗin dalili, sirrin ba nawa ba ne. Na dai yi ta ba ta haƙuri har suka tsallaka titi.

Washegari na rufe shago na raka su asibiti. Ku ji nan, mai kemis ba likita ba ne, kuma ranar da ya fara jin kansa likita ranar ya fara kashe mutane. Na ga alama, amma ba ni ke yanke hukunci a kan kuturta ba. Malamar da ta duba ta ta sake gwada wurin, ta duba jijiyoyin hannu, ta ce makero ne da man banza ya ɓata wa kama. Ta rubuta man makero zalla, wanda ba a gauraya shi da komai ba, sunansa na kwali kulotirimazol. Ta ce ba ƙwaya. Ta kuma ja Dije wani ɗaki ita kaɗai ta yi mata awon ciki.

Muna zaune a benci a waje ni da tsohuwar, tana ta tauna goro. Can ta tofar ta ce, ba tare da ta dube ni ba:

“Hajiya, ni ma na haihu. Na ga yadda take tashi daga tatsa tana dafa ƙugu. Ba ni sayen ƙwaya wurin kowa. Amma kada ki hwaɗa mata na sani.”

Na ce ban ji komai ba, Inna. Haka suka zauna gida ɗaya, wannan ta sani, waccan ta sani, kowa yana tsare kunyar ɗan'uwansa, ni a tsakiya da bakina a ɗinke.

Na koya wa Dije shafawa kamar yadda ake koya wa yaro alwala. A wanke wurin da sabulu, a tsane shi ya bushe sarai, a shafa kaɗan safe da yamma, a zarce bakin facin da kamar faɗin yatsa, don ciwon a baki yake tafiya. A wanke hannu bayan an gama. Mayafin nan da take naɗewa a jefa shi a ruwan zafi a shanya a rana, a bar hannun ya sha iska, don abin nan zufa da duhu yake so. Ba aron zane, ba aron soso. Na kuma gaya mata in ta ga ya ɓace kada ta tsaya, ta ƙara mako biyu a kai. Yawancin masu dawo mani suna cewa maganina bai yi ba, a nan suke faɗuwa.

Abin da na gargaɗe ta a kai shi ya faru. Tana barin man mai lasifika ciwon ya taso da fushi, ya yi jawur, zoben ya fito ɓaro-ɓaro. Ta zo mani a fusace, karon farko da na ji muryarta sosai. Ta ce da man can ko ba komai tana barci, nawa kuwa wuta ne. Na ce ai yanzu ne ya cire hula muka ga fuskarsa, ki daure. Ta tafi ba sallama. Na yini ina tunanin ko za ta koma wa mai motar.

Ba ta koma ba. Amma tasha ta gagare ta, don ba mai saye. Sai dai su ba wasu mata ɗanyen nonon a araha, abin da ba ya kai su ko'ina. Ina daga nan ina kallon gindin bedin, har wata mai awara ta fara ajiye kaskonta a wurin, tana gwada ko za a yi magana. Na aika mata cewa wurin da mai shi. Ta aiko mani cewa ba ta ga sunan kowa a jikin bedin ba.

Bayan 'yan makonni hannu ya yi kyau, tsofaffin facin suna ta dushewa. Ina shirin yin hamdala sai ga sababbin zobba ƙanana sun fito a damtse da gefen wuya, duk dai a hagu. To fa. Ruwa ba ya tsami banza. Na sa ta kawo yaran na duba kawunansu da tocila, tsaf. Tsohuwar ba ta da ko ɗigo. Mijin kuma Dije ta ce lafiyarsa lau. Na tambayi zane, na tambayi tabarma, na tambayi kyanwa, ba su da kyanwa. Abin ya tsaya mani a rai, don ban taɓa ganin ciwon da ya zaɓi hagu ya bar dama ba.

Da na ga tambaya ba ta fisshe ni, na ce gobe ina zuwa shan madara. Na hau kabu-kabu da sassafe, da jikin nan nawa, ɗan mashin yana ta addu'a a kan tayarsa. Na tarar za a fara tatsa. Ku 'yan gari ba ku san yadda ake yi ba. Saniyar Fulani ba ta sakin nono sai ɗanta ya fara tsotsa. In ya kawo, sai mai tatsa ta janye ɗan maraƙin da ƙarfi ta ɗaure shi a ƙafar uwar ta gaba, uwar tana lasarsa ana tatsa. Ina tsaye Dije ta shiga bukkarta ta fito da wata 'yar maraƙa ja. Ta sake ta ta tsotsa, sannan ta zagaye wuyanta da hannun hagu, ta manna kan 'yar maraƙar a kafaɗarta da wuyanta, suna kokawa har ta kai ta ga igiya da hannun dama. Na matso na duba fuskar 'yar maraƙar. Kewayen idanunta da kunne da wuya duk faci ne fari-fari, gashi ya zube, ya yi ɓawo kamar busasshen kunu.

Na ce ga mai ba ki ciwon nan, safe da yamma, ba ta fashi. Tsohuwar ta ce haba, wannan ai abin 'yan maruƙa ne, duk damina suna yi, da sun girma ya tafi, tun tana yarinya take gani. Na ce gaskiya ne, su yana tafiya, amma kafin ya tafi yana sauka a kan mai rungumarsu. Na tambayi abin da ya kai maraƙa cikin ɗaki. Ashe ita ce mace ta farko da aka haifa masu tun da suka baro daji, ita ce farkon sabon garke. Don tsoron ruwa da ɓarayi, a gefen shimfiɗar Dije take kwana.

Dije ta tsaya riƙe da igiya. Ta ɗauka cewa zan yi a sayar ko a yanka.

Ta ce, “Hajiya, in sai an rabu da ita, a bar ni da ciwona.”

Dariya ta kama ni, tausayi kuma ya hana ni yin ta. Na ce wa ya ce a rabu da ita? Ita ma mara lafiya ce, magani za a yi mata. Ni ba na taɓa dabba, kowa da kiwon da ya karɓe shi, sai na kira malamin dabbobi na garin nan. Ya zo ya wanke facin ya shafa nasa maganin, ya nuna masu yadda za su ci gaba. Ya sa aka ƙone tsohuwar igiyar, aka yi wa 'yar maraƙar rumfa a jikin bukka inda Dije za ta rinƙa jin motsinta. Kamun maraƙa kuma tsohuwar ta ce ita za ta karɓa, da tsohuwar rigar ɗanta mai dogon hannu, ta gama ta cire ta wanke hannu da sabulu. Ta ce wai don hannun Dije ya huta ne. Ni da ita mun san ba hannun kaɗai take so ya huta ba.

Daga nan ciwo ya kama hanya. Kafin a fara yankan gero fata ta koma sumul, sai ɗan duhu-duhu da ke bajewa a hankali. Ta cika makonninta biyu na ƙari, na duba da tocila ban ga komai ba. Mai awara ta ja kaskonta gefe bayan mun yi 'yar magana ni da ita, wadda ba sai na maimaita maku ba. Dije ta dawo gindin bedi da ƙwaryarta wankakkiya, hannu a buɗe.

Ba wanda ya zo. Direbobin da suke layi a gabanta da, sai su wuce ta su sayi lemon kwalba. Wasu su gaishe ta daga nesa, kamar gaisuwar ma tana da haɗari. Fata ta warke, suna bai warke ba. Ina zaune a nan ina kallonta tana kore ƙuda daga nonon da ba mai sha, cikinta ya fara turo zane, la'asar ta yi ta ɗora ƙwarya a cike ta tafi. Na duba kantata daga sama har ƙasa, ba ni da maganin wannan. Abin ya ci mani rai ƙwarai, har na fara yi wa masu sayen maganin mura tsawa ba laifinsu.

Ranar kasuwa, da rana tsaka, lokacin da motocin Gusau da na Funtua suka cika tasha, na ja ƙofar shago na tsallaka titi. Na ja kujerar mai awara na zauna a gaban Dije, na ɗaga murya yadda na ƙarshen tasha zai ji, na ce a dama mani, a sa nono da yawa. Duk tashar nan an san ni da ƙyanƙyami, ko ruwan leda sai na wanke bakinsa nake sha. Kuma ni nono ba ya zama mani a ciki, rabona da shi tun ina amarya. Dije ta dube ni, ta murza fura ta dama ta miƙo. Na kafa kai na sha ina santi, har da lasar ludayi.

Wani ɗan kamasho ya matso ya ce, “Hajiya, ke da kanki? Ba ki ji abin da ake hwaɗi ba?”

Na ce, “Na ji. Ni na kai ta asibiti, ni na duba hannun da tocila. Makero ne, irin wanda na yi maka magani bara a inda ba ka so in hwaɗi. Ya warke ko in tambaya da ƙarfi?”

Ban taɓa yi masa maganin komai ba, kuma sirrin wanda na yi wa ba ya fita bakina. Shi ma ya san ƙarya nake, amma tasha ta riga ta fashe da dariya, yana ta rantsuwa ba mai saurarensa. Don ya kashe maganar ya tsuguna ya ce a dama masa shi ma. Wani tsohon direban Funtua da ke gefe ya ce shi dama ya gaji da lemon kwalba. Na ce a ƙara mani ludayi biyu, na shanye, na koma shago na yini ina zarya bayan gida.

Ba a rana ɗaya suka dawo ba. Yau mutum uku, gobe biyar, wasu har yau ba su dawo ba, Allah ya ba su lemon kwalba mai sanyi. Dije kuwa ba ta taɓa zuwa ta ce mani ta gode ba, ba halinsu ba ne, ni ma ban jira ba.

Wata la'asar ina cikin ƙirga wa wani ƙwayar zazzaɓi, na ga inuwa a ƙofa. Dije ce, ƙwarya a ka, tsaye a bakin titi. Ba ta yi sallama ba, ba ta shigo ba. Ta sauke ƙwaryar, ta ɗaga faifan, ta karkato mani ita na ga cikinta. Ko ɗigo babu. Ta mayar da faifan ta ɗora a ka, ta dafa ƙugu ta kama hanyar gida.